SHIRIN DAMINA TUN DAGA RANI
Yadda manomi zai tanadi iri da taki da magani a kan kari

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Babu sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar noma. Kowace shekara akan sami manoma masu himma, masu ƙasa mai kyau, waɗanda ke tashi da ɗan amfani kaɗan saboda ruwan shuka ya sauka ya tarar da su babu iri a hannu, babu taki a ɗaka. Sai su shiga kasuwa lokacin da kowa ke nema, su saya da tsada, su zuba a makare. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa rabin aikin damina a cikin rani ake yin sa.

SANIN LOKACIN RUWA

Nijeriya ƙasa ce mai faɗi, ruwa kuwa ba ya sauka mata rana ɗaya. A jihohin kudu yakan kankama tun watan Maris ko Afrilu, har ana noma masara sau biyu a shekara. A tsakiyar ƙasa, kamar Binuwai da Nasarawa da Neja da kudancin Kaduna, yakan zauna tsakanin Afrilu da Mayu. A can arewa kuwa, kamar Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe, sai wajen watan Yuni, ya kuma ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Manomin waɗannan wurare wata uku zuwa huɗu kaɗai gare shi. Wanda ya makara da mako biyu ya yi asarar da ba ta gyaruwa a wannan shekara.

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. A ciki ana bayyana lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha, da wuraren da ake tsoron tsayawarsa a tsakiyar damina. Ya kamata manomi ya saurari wannan bayani a rediyo, ko ya tambayi malamin gona, kafin ya zaɓi abin da zai shuka. Dattawan da suka ga farin 1972 da 1973 sun san abin da ƙarancin ruwa ke yi wa irin da ke daɗewa bai nuna ba.

Har ila yau, ruwan farko ba kullum ne ruwan shuka ba. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma ko fiye, tsiro ya ƙone. Masu binnen gero suna iya jure wannan, don irin gero ba shi da tsada. Amma wanda ya sayi irin masara da kuɗi mai yawa, gara ya dakata sai ƙasa ta jiƙu sosai, laima ta kai zurfin taƙi guda.

AUNA GONA

Lissafin kayan noma duka a kan girman gona yake. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau kimanin eka biyu da rabi. Manomin da bai san girman gonarsa ba, ko dai ya sayi taki fiye da bukata, ko ya barbaɗa kaɗan a fili mai yawa. A cikin rani, sa'ad da gona take fili, shi ne lokacin auna ta da igiya, a kuma yanke shawarar inda za a sa hatsi da inda za a sa gyaɗa ko wake. Sauya wuri tsakanin hatsi da waɗannan yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage wuta-wuta.

ZAƁEN IRI

Cibiyoyin bincike na ƙasar nan sun fitar da iri mai inganci ga kowane yanki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ce mai irin masara da ake kira SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA. Cibiyar Badeggi a Jihar Neja tana kula da shinkafa, wadda FARO 44 na cikin sanannunta. Cibiyar Tafkin Chadi a Maiduguri tana aikin gero da alkama, ta Umudike kuma tana aikin rogo da doya. A cikin waɗannan akwai mai saurin nuna don wurin da damina ke da gajarta, akwai mai jure fari, akwai mai jure wuta-wuta.

Wajibi ne a sayi iri a wurin dillali sananne, cikin leda rufaffiya mai ɗauke da shaidar Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa. Hatsin da aka shafa wa jan launi aka zuba a kwano a bakin kasuwa, babu mai iya tabbatar da asalinsa. Irin masara mai aure, wanda ake kira haibirid, sabo ake saye kowace shekara, don 'ya'yansa ba sa bayar da amfani kamar uwar. Sauran iri ana iya ajiye shi shekara biyu ko uku kafin a sabunta.

Ko saye aka yi ko daga rumbu aka ɗebo, a gwada iri mako biyu ko uku kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko cikin yashi mai laima, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 85, iri yana da kyau. In ba su kai 70 ba, a nemi wani tun da sauran lokaci. Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25, in an bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami.

LISSAFIN TAKI

Takin gargajiya shi ne tushe. Kashin shanu da na awaki da shara ruɓaɓɓiya suna sa ƙasa ta riƙe ruwa, takin zamani kuma ya fi yin aiki a kanta. Kai shi gona da amalanke ko jaki aikin rani ne.

Takin zamani da aka fi sani iri uku ne: kamfa, watau NPK, da yuriya, da supa. Buhu kilo 50 ne. Ga masara a ƙasar da ruwa ke wadata, abin da masana suka daɗe suna ba da shawara a hekta ɗaya shi ne buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15, da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya. A eka ɗaya ke nan kimanin buhu uku na kamfa da buhu ɗaya na yuriya. Dawa da gero suna bukatar kamar rabin wannan. Gyaɗa da wake supa suka fi so, don da kansu suke samar wa ƙasa sinadarin da yuriya ke bayarwa.

Kamfa ana sa shi ranar shuka ko cikin mako biyu na farko. Yuriya kuma sai masara ta yi mako biyar zuwa shida, bayan an yi noma. A tona ɗan rami nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka bari a sarari, rana da iska suna kwashe ƙarfinta. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fi masa alheri ya ciyar da rabin gonar sosai, sauran ya sa wake ko gyaɗa.

A ajiye buhunan a ɗaki busasshe, a kan katako, nesa da abinci. Buhun da aka farke aka sāke ɗinkewa, ko wanda nauyinsa bai cika ba, a guje shi. Dokar kula da ingancin taki ba ta wanzu ba a zamanin kakanni, amma tun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta sayar da gurɓataccen taki, kuma manomi yana da ikon kai ƙara.

MAGANIN CIYAWA DA NA ƘWARI

Tun shekarar 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a ƙasar nan, ya zama dole manomi ya riƙa duba gonarsa kowane mako daga tsiro. Maganin ya fi kama ta tana ƙarama. Saboda haka a tanade shi tun da wuri, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jikin kwalba, a kuma gwada injin feshi da ruwa zalla kafin damina. Mai feshi ya rufe hanci da baki da hannuwa, kada ya yi feshi yana fuskantar iska. Kwalbar magani ba ta zama ta mai ko ta ruwan sha, irin da aka gauraya da magani kuma ba a ci, ba a ba dabba.

NEMAN KUƊI

Da kaka hatsi yake araha, da bazara kuma taki yake tsada. Manomin da ya sayar da amfaninsa duka da kaka, ya zo sayen taki a watan Yuni, ya faɗi sau biyu. Abin da ya dace shi ne a ware buhunan da za su sayi kayan noman baɗi tun ranar da aka kai amfani gida, a sayar da su sa'ad da farashi ya ɗaga, a sayi taki nan da nan. Ƙungiyar gama-kai tana saye a dunƙule da rahusa, ta kuma fi mutum ɗaya samun rance a banki. Tallafin gwamnati in ya zo a kan lokaci alheri ne, amma kada a jingina ranar shuka a kansa.

JADAWALIN SHEKARA

Ga manomin arewa da na tsakiyar ƙasa, tsarin ya kasance kamar haka. Manomin kudu ya gabatar da kowane aiki da wata guda ko biyu.

Nuwamba da Disamba: ware iri da hatsin sayen taki.
Janairu da Fabrairu: auna gona, kai takin gargajiya, sauraron hasashen damina.
Maris da Afrilu: sayen iri da taki da magani, gyaran garma da fartanya, yin magana da mai shanun huɗa ko mai tarakta.
Afrilu da Mayu: sharar gona da gwajin iri.
Mayu da Yuni: shuka da zuba kamfa.
Yuli: noma da zuba yuriya.

Ruwa na Allah ne, babu mai iko da ranar saukarsa. Amma iri da taki da magani suna hannun manomi, kuma wanda ya kammala su kafin hadari ya taso, shi ne zai fita shuka da safiyar da ƙasa ta jiƙu.