Darasin Lissafi: Rabon Kuɗi Idan Ma'auni Yana Da Rabi Ko Sulusi

Masu karatu, sau da yawa rigima tana tashi tsakanin maƙwabta a lokacin biyan kuɗin aikin da suka yi tarayya a kansa. Galibi lissafi ne yake rikicewa, musamman idan ma'aunin yana ɗauke da rabi ko sulusi. Bari mu duba misali guda.

Manoma biyu sun ɗauki hayar tarakta ta yi musu huɗa a kan ₦70,000. Gonar na farko eka 2½ ce, ta na biyu kuwa eka 3⅓. Nawa ya kamata kowannensu ya biya gwargwadon girman gonarsa?

Da farko, mu mai da kowace lamba gutsattsari zalla. Eka 2½ rabi biyar ke nan, wato 5/2. Eka 3⅓ kuma sulusi goma ne, wato 10/3.

Na biyu, mu nemi lamba mafi ƙanƙanta wadda 2 da 3 za su raba ba saura. Ita ce 6. Idan muka ninka kowane ɓangare sau 6, za mu sami 15 da 20. Wannan bai taɓa gwargwadon ba, tun da yake mun yi wa ɓangarorin biyu abu ɗaya. Mu raba su da 5, sai su koma 3 da 4.

Na uku, mu tara kason: 3 da 4 sun zama 7. Mu raba ₦70,000 gida bakwai, kowane kaso ya tashi ₦10,000. Saboda haka na farko zai biya ₦30,000, na biyu kuma ₦40,000.

A ƙarshe, mu gwada amsar. Jimillarsu ₦70,000 ce, kuma kowace eka ta tashi ₦12,000 a gonakin duka biyu.

Mu yi hattara da kuskuren watsar da rabi da sulusi a ce 2 da 3 kawai. Wanda ya yi haka zai ɗora wa na biyu ₦42,000, ya cuce shi ₦2,000.

Ga aikin gida: mata biyu sun haɗa gyaɗa, ɗaya mudu 1½, ɗayar mudu 2¼. Suka matse mai, suka sayar da shi da ƙuliƙuli a kan ₦15,000. Nawa ne rabon kowace? Za mu kawo amsar a fitowa ta gaba.