Darasi Na 12: Kashi Cikin Kashi

A darasin da ya wuce mun koyi rabi da sulusi da rubu'i. Ga yadda ake rubuta su: 1/2, 1/3, 1/4. Lambar ƙasa tana nuna kashi nawa aka raba abu. Lambar sama kuwa tana nuna kashi nawa aka ɗauka.

Yau za mu koyi fitar da kashi daga cikin kashi.

Wani manomi ya sami gero dami 12. Ya zuba kashi uku cikin huɗu a rumbu, wato 3/4. Kafin damina iyalinsa suka ci kashi biyu cikin uku na abin da ke rumbu, wato 2/3. To, kashi nawa suka ci na geron duka?

Ga ƙa'idar: lambar sama sau lambar sama, lambar ƙasa sau lambar ƙasa.

2 sau 3, 6 ke nan. 3 sau 4, 12 ke nan.

2/3 × 3/4 = 6/12

Saura a taƙaita amsar. Ku nemi lambar da za ta raba ta sama da ta ƙasa ba saura. A nan 6 ce. 6 cikin 6 sau 1, 6 cikin 12 sau 2.

6/12 = 1/2

Ashe rabin geron suka ci.

Ku gwada da tsakuwa 12. Ku kasa su huɗu, ku ɗauki kashi uku, 9 ke nan. Ku kasa taran nan uku, ku ɗauki kashi biyu, 6 ke nan. Rabin 12 fa?

Wannan lissafi yana da amfani wurin rabon gado. In mutum ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matarsa tumuni ne, wato 1/8, bayan an biya bashi an fid da wasiyya. In matan biyu ne, tumunin nan guda za su raba daidai.

1/2 × 1/8 = 1/16

In awaki 32 ya bari, tumuni 4 ne, kowace ta sami 2. Macen da ta iya wannan lissafi ba a tauye mata hakki.

Aiki

1. Ku taƙaita 4/8, da 3/9, da 5/10.
2. Nawa ne 1/2 × 2/3? Ku taƙaita amsar.
3. In matan huɗu ne, kashi nawa ne rabon kowace?