Nan da Can a Aikin Gyaran Kwamfuta Daga Nesa

A ɗauka magatakardan wata makaranta a Tibiri ta ƙasar Arewa, wadda aka cire daga gundumar Dogon Dutsi a 2011, yana shigar da sunayen ɗalibai masu zana jarrabawa, sai kwamfutar ta ƙi aiki. Masanin da zai gyara ta yana Yamai. Ya kira shi a waya, masanin ya ce masa: "Malam, danna nan." Magatakarda ya tambaya: "Ina?" Daga wannan tambaya darasin ya samo asali.

Matsalar nuni

Hausa tana bambanta wurare huɗu da karin sauti. Nân mai faɗuwa na nufin kusa da mai magana, nan mai karin sama kusa da mai sauraro, cân mai faɗuwa wuri mai nisa da ido ke gani, can mai karin sama kuwa wuri mai nisa ƙwarai. Dukkansu sun dogara ga abu ɗaya: masu zancen su san inda junansu suke, su kuma ga abin da ake nunawa. Waya tana kawo murya, amma ba ta kawo yatsa. Manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su TeamViewer da AnyDesk na ƙasar Jamus, an yi su ne don cike wannan giɓi: fuskar kwamfutar Tibiri ta bayyana a Yamai, linzamin masani ya zama yatsansa.

Matakan haɗawa

1. A saka manhajar a kwamfutocin biyu, kowace tana da intanet.
2. Manhajar za ta nuna wa magatakarda lamba mai alƙaluma tara ko goma, ya karanta wa masani.
3. Masani ya rubuta lambar, ya nemi izinin shiga.
4. Magatakarda ya amince, ya zuba ido har a gama, sannan a yanke haɗin.

Inda harshe ke tuntuɓe

A mataki na biyu ake yawan kuskure. Mutanen Nijar sun saba karanta lamba bibbiyu da Faransanci, kuma mai jin 97 a wannan harshe yana iya rubuta 4, 20, 10, 7, domin haka sassan sunan suke. Karanta alƙalami ɗai-ɗai da Hausa, "tara, bakwai", ya fi tsare gaskiya. Na biyu shi ne allon rubutu: na Faransa ya fara da AZERTY, na Ingilishi da QWERTY, don haka A da Q kan musanya wuri, kalmar sirri ta ƙi shiga. Haka ma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ba sa fitowa sai an zaɓi tsarin da ya ƙunshe su.

Amana

Wanda aka ba izinin shiga yana ganin duk abin da ke cikin kwamfuta, har takardun ɗalibai. 'Yan damfara kan kira da sunan masu gyara. Ƙa'ida ita ce kada a ba da lambar sai ga wanda mai kwamfutar ya kira da kansa.

Aikin ɗalibi

Ɗalibi ya saurari hirar gyara ta waya, da izinin masu ita, ya ƙirga nan da can kafin haɗin da bayansa, ya bayyana wace siga ce ta ragu da dalilin raguwarta.