Darasi na Bakwai: Gano Dalilin Shaƙewar Injin A-kori-kura

Motocin a-kori-kura ƙirar Fijo, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun daɗe suna jigilar kaya tsakanin Sabon Gari da Samaru. Idan sun tsufa, inji kan yi lafiya a tsaye, amma da an taka totur sai ya shaƙe, yana fizga. In ya mutu da lodi a cunkoson Kwangila, direba ya yi asarar yini.

Dalili kuwa shi ne, taka totur na buƙatar ƙarin mai da iska, da kuma wuta mai ƙarfi. Saboda haka ƙwararren bakanike kan binciki abubuwa uku:

1. Mai: ko datti ya toshe matatar mai ko kafireta, ko famfon mai ya yi rauni.
2. Iska: ko ƙurar hunturu ta cushe matatar iska, alamarsa baƙin hayaƙi daga salansa.
3. Wuta: ko filogi ya ƙone, ko waya ta tsage.

Akan fara da mai araha kafin a kwance kafireta.

Aiki: Fito da kalmomin aro biyar daga wannan darasi, tare da bayyana asalinsu.