Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ja hankalinmu ga waɗansu siffofin Turanci masu kama da juna, waɗanda ke kayar da yara da yawa a jarrabawar WAEC. Mu ma a Hausa muna da irinsu. Garin da ake zama cikinsa daban, garin da ake tuwo da shi daban. Mu karin murya da jan wasali ke raba mana su, amma Turawa sau da yawa wutsiyar kalma ce ke canja ma'ana.

Mu fara da "historic" da "historical". Ta farko ana faɗinta ga abin da ya yi girman da ba za a manta da shi ba, kamar isowar hanyar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929, ko kafa Jihar Zamfara a 1996. Ta biyu kuwa ta duk abin da ya shafi zamanin da ce, ko babba ko ƙarami. Littafin da ke ba da labarin sarakunan Zurmi "historical" ne.

Sai "economic" da "economical". Cinikin hatsi da dabbobi a kasuwar Shinkafi ran Alhamis al'amari ne "economic", wato na tattalin arziki. Amma uwar da ta je kasuwar da kuɗi kaɗan, ta yi tsimi har ta ciyar da gida mako guda, ita ce "economical".

Haka kuma "industrial" da "industrious". Unguwar Bompai ta Kano "industrial" ce, domin masana'antu sun cika ta. Manomin da ya yi sammako gona, bai dawo ba sai la'asar, shi "industrious" ne, wato mai ƙwazo.

Wadda ta fi haɗari ita ce "official" da "officious". Ta farko na nufin abin hukuma, ta biyu kuwa mai shisshigi da katsalandan. Wanda ya rikita su cikin takardar neman aiki ya zagi wanda yake roƙo, alhali yabo ya yi nufi.

Shawarata ita ce kowa ya ware ɗan littafi. In ka gamu da irin waɗannan tagwaye, ka duba ƙamus, ka rubuta kowace cikin jimla taka ta kanka, ka kai wa malami ya duba. Iyayenmu kuma, don Allah a taimaka mana da ƙamus ko da guda ɗaya ne a gida.