Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Za a Rage wa Ɗana Zafi a Wurin Likitan Haƙori?

Tambaya: Ɗana shekararsa 7. Ko ruwan randa ya kurɓa sai ya dafe kunci, ga turminsa na baya ya yi kogo. Likita ya ce a kawo shi a cike, ni kuwa azabar da zai sha nake tsoro. Akwai dabara? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki.

Turamen da ke fitowa wajen shekara 6 ba na famfara ba ne, da su zai tsufa, shi ya sa ba a sakaci da su. A wasu yara sukan fito da ɓawo marar ƙwari, mai tabo fari ko ruwan ƙasa. Irin wannan haƙori ko iska ta busa shi sai ya yi zugi, kuma allurar kashe zafi ba ta kama shi da wuri. Ki faɗa wa likita labarin ruwan randar nan tun kafin ya taɓa yaron. Yana iya shafa masa fuloraid a zuwan farko, ya ɗage cikon sai zugin ya lafa.

Ranar aikin, ki roƙa a goga man kashe zafi a dasashi, a jira minti ɗaya ko biyu kafin a yi allurar kashe zafi ta lidoken. A tura ruwan a hankali, domin gaggawar turawa ta fi tsinin allurar zafi. Sannan a gwada haƙorin kafin a kunna inji, a yi yarjejeniya da yaron: in ya ɗaga hannu, a tsaya. Likitan kirki ba ya saɓa wannan alkawari.

In kogon bai yi zurfi ba, akwai hanyar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, inda ake kankare ruɓar da kayan hannu a cike, ba inji, sau da yawa ba allura. Ki tambaya ko za ta yi masa.

Don Allah kada a tsorata shi da allura a gida, kada kuma a ce masa ba zai ji komai ba. Ki ce zai ji ɗan tsunguli, sai kuncinsa ya yi nauyi. In likita ya amince, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Asfirin kuwa ba na yaron da bai kai 16 ba ne.

Bayan an gama, leɓensa zai yi awa 2 zuwa 3 a sandare. Ki sa ido kada ya cije shi, kuma ki dakata da kunu mai zafi sai bakin ya saki.