Kafin Ka Ƙara wa Tarakta Fitilar Aiki a Lokacin Narkewar Ƙanƙara

Kogin Red, wanda ya raba jihohin Dakota ta Arewa da Minesota a Amurka kafin ya shigo lardin Manitoba na Kanada, arewa yake gangarawa. Daga nan wahalar manoman wannan kwari take farawa a watannin Maris da Afrilu. Ƙanƙara tana soma narkewa daga kudu, ruwan ya taho ya tarar da arewa a daskare, ƙasar kuma a shimfiɗe take kamar faifai, sai ya bazu cikin gonaki. A Afrilun 1997 guguwar dusar ƙanƙara ce ta fara kayar da turakun lantarki, kafin wata ya ƙare ruwa ya ci birnin Grand Forks, aka kwashe mutane kusan 50,000. Birnin Winifeg yana da babbar mashigar da ke karkatar da ruwa tun 1968. Manomin ƙauye kuwa, abin da ya mallaka shi ne ganuwar ƙasa kewaye da gidansa, da injin zuƙar ruwa, da tarakta.

Sana'ata rewaya ce, a garejin gyaran injinan gona a kudancin Manitoba, kuma a wannan lokaci na shekara ba abin da ake nema wurinmu kamar fitilar aiki. Ruwa ba ya jiran gari ya waye. Da dare ake kwashe shanu zuwa tudu, da dare ake jigilar buhunan yashi, ake ture dusar da ta toshe bakin kwalbati. Mai tarakta yana son haske, kuma yana da gaskiya. Abin da nake so a gane shi ne, ƙarancin cin wutar fitilar LED ba izini ba ne na a yi haɗin ganin dama.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwan halojin mai wat 55 a kan batir mai volt 12 yana jan amfiya huɗu da rabi da ɗoriya. Guda huɗu sun haura amfiya 18. Tsofaffin taraktoci da yawa altanetarsu ba ta wuce amfiya 35 zuwa 45 ba, masu dainamo ma wajen 22 suke bayarwa, kuma wannan sai injin yana gudu sosai. A silo, inda tarakta take shafe sa'o'i tana tsaye tana haska masu cika buhu, abin da take bayarwa bai kai haka ba. Sauran daga batir yake fita, batirin da sanyi ya riga ya rage wa ƙarfi. Cikakken batir ba ya daskarewa da sauƙi, amma wanda aka tatse yana iya daskarewa a sanyin da bai taka kara ya karya ba, har kwalinsa ya tsage. LED mai wat 18 amfiya ɗaya da rabi take ja. Huɗu ba su wuce shida ba. Wannan bambanci shi ne tsakanin taraktar da za ta tashi da asuba da wadda za a nemo wa wayar jona.

Sai dai kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ina sa mita a kan kowace fitila kafin in ɗaura, kuma sau da yawa masu araha ba sa kaiwa wat ɗin da aka rubuta musu. Wasu kuma suna sa rediyo ƙara, suna rikita na'urar GPS ta tarakta. Duba alamar IP67 a jikin fitilar, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mita ɗaya na rabin sa'a.

Inda aikin yake lalacewa shi ne waya. Kwanan baya an kawo mana wata tarakta da aka ɗaura wa fitilu biyu a gida. An fere wayar fitilar gaba, an murɗa sabuwa a kai, an naɗe da salatif. Da na warware salatif ɗin, ruwa ne ya ɗigo, tagullar ta zama kore tana marmashewa a yatsa, ga kuma wurin da wayar take gogar ƙarfe kusa da bututun gas har robarta ta cinye. Babu fiyus ko ɗaya a kan layin. Mutane suna cewa, ai wutar kaɗan ce. Fitilar ce take jan kaɗan. Ranar da waya ta taɓa ƙarfe, batir zai zuba mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja, kuma a tarakta akwai ciyawa da maiƙo a kowane lungu.

Saboda haka ja layinka daga batir kai tsaye, ka sa fiyus kusa da kan batir ɗin, na amfiya 10 ya ishi ƙananan fitilu huɗu. Ka sa rile, makunni ya zama umarni kawai yake bayarwa. Wayar negatif ma ka mayar da ita batir, kar ka dogara da noti mai tsatsa a jikin madigadi. Kowane haɗi a matse shi da kyau a rufe da robar da ake gasawa ta kama. Kafin waya ta shiga jikin fitila, bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa, don ruwan da ke bin ta ya ɗiga a can. Idan taraktar tsohuwa ce ƙwarai, duba ko fosatif ne aka haɗa da jikinta, domin LED ba ta karɓar wuta a juye. Ƙarfen kariya da ke saman direba kuwa, wanda zai tsare shi idan tarakta ta kife, ba a huda shi, ba a yi masa walda. Da maƙalli ake ɗaura fitila a jikinsa. Wannan ba na sassautawa a kansa ko da mai ita zai ji haushi.

Dusar ƙanƙara tana da nata sharaɗin. Halojin yana da zafi, yana narkar da abin da ya sauka a gilashinsa. LED zafinta ta baya yake fita, gilashin a sanyaye yake, sai jiƙaƙƙiyar dusa ta manne ta rufe shi cikin ɗan lokaci. Akwai masu ɗumama gilashi, amma suna ƙara cin wuta. Ga mafi yawan manoma, tsumma a aljihu da ɗan rufi a saman fitilar sun wadatar. Launin haske ma abin dubawa ne. Farin nan mai shuɗi-shuɗi yana da kyau a shago, amma cikin dusa ko hazo dawowa yake cikin ido. Mai ɗan rawaya ya fi sauƙin kallo. Kar ka ɗaura fitilar daidai da idonka, kar kuma ta haska bonet ko bayan bokitin gaba. A kan titi kuwa a kashe farar fitilar baya, a bar masu walƙiya da alamar abin hawa mai tafiya a hankali, don na bayanka kar ya zaci mota ce take tahowa.

Akwai abin da nake faɗa wa kowa kafin in miƙa masa makulli, kuma ya shafi mai tarakta a fadamun Haɗeja cikin Agusta yadda ya shafi na nan. Haske ba ya nuna zurfin ruwa. Da dare ruwan da ya shafe hanya baƙi ƙirin yake, hasken yana zamewa a samansa ya wuce, kuma ƙara ƙarfin fitila ba ya canza haka. Ruwa yana iya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalbati ya bar saman hanya kamar lafiya lau, a nan kuma har da siririyar ƙanƙara da ke rufe rami. Mutum ya ga fili ya yi fes a gabansa, sai zuciyarsa ta ba shi cewa ya ga hanya. Inda ka san ruwa zai hau, je da rana ka kafa sanduna masu ƙyalli a gefe biyu, ka auna zurfin da sanda. Inda ba ka kafa ba, ka zagaya, ko ka jira gari ya waye, kuma kar ka fita ba tare da wani a gida ya san hanyar da ka bi ba.